Ɗaki Huɗu Kafin Jirgi Ya Sauka

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun safe wai ina shafi, to ga shi. Ni kaina da na gama rubuta shi sai da na tashi na kuskure baki. Wadda take cin abinci ta ajiye cokali tukuna.

*

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe Sabi'u ya faɗo gida, sallamar ma rabi ya yi ya haɗiye rabi. Matarsa Nuriyya tana zaune a falonsu na unguwar Hindawiyya, waya a hannu, tana raba wa wasu mata 'yan Zinder ɗakuna. Aikinta ke nan tun rasuwar mahaifinta Malam Abdulwasi'u, wanda ya shekara arba'in yana saukar da alhazai a Makka. Ita ke kama otal, ita ke magana da iyalan baƙi a gida. Sabi'u, Bakanon da ya zo tuƙi ya auri 'yar maigida, shi ke ɗauko maza daga Jidda ya kai su ziyara.

"Ummu Tahani, ajiye wannan. Ɗaki huɗu nake so yanzu-yanzu."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kusa da Harami ko Aziziyya?"

"Batumi."

Sai a lokacin ta ɗago.

"Esh? Ina ne kuma haka?"

"Wani gari ne a Jojiya, bakin teku. Kwana uku kawai."

"Na su wa?"

"Alhaji Rabi'u da abokansa uku."

"Alhaji Rabi'un da na kama wa ɗaki mai kallon Ka'aba shekaranjiya? Abu Tahani, kwana goma fa ya ce zai yi."

Sabi'u ya share gumi da gefen shimaginsa, mayafin kan nan na Larabawa.

"Zafi ne ya dame shi, kin san yana da hawan jini. Za su ɗan sha iska su dawo su ƙarasa ibadarsu."

"Shan iska? To Ɗa'if ta yi musu me? Awa ɗaya da rabi ce a mota."

"Ke dai yi abin da na ce. Suna cikin jirgi yanzu haka, tare da Rakan. Shi ya kama ɗakunan, ashe watan gobe ya danna. Sai da suka zauna a kujera ya lura, ya turo min murya, aka ce a kashe waya. Ƙarfe ɗaya za su sauka, ba su da wurin ajiye jaka."

Rakan abokin hulɗarsa ne, Balarabe mai ofishin tikiti a unguwar Zahir. Nuriyya ba ta taɓa son mutumin ba, turarensa ma hawa mata kai yake yi. Amma baƙo a titi ba ɗaki, wannan a gidansu abin kunya ne da ba a kwana da shi. Ta ja tsaki ta buɗe shafin da take kama otal.

"Ɗayyib. Zauna."

Bai zauna ba. Ya tsaya a kanta yana huci kamar tukunyar wake.

Ku fahimce ni, Nuriyya ba sakarya ba ce. A Makka aka haife ta, iyakarta Madina da Ɗa'if. A duniyarta tambaya ɗaya ake fara yi wa otal, minti nawa ne zuwa masallaci. Ita ta fara yi wa Batumi.

"Yauwa, ga wani. Minti bakwai a ƙafa zuwa masallacin garin. Mai shi Musulmi ne, naman yanka yake dafawa, banɗakin da abin tsarki. Ga ɗaki huɗu a hawa ɗaya."

Ya leƙa.

"Ya yi ƙanƙanta."

"Kwana za su yi ko ƙwallo za su buga?"

"Manyan mutane ne, Nuri. Duba wani."

Ta duba wani.

"Wannan minti goma sha biyu. Sun rubuta akwai darduma a kowane ɗaki, da alamar alƙibla."

"Ba ya kallon teku."

"Mutumin da ya baro tagar da ke kallon Ka'aba, shi ne zai yi rigima kan ruwan gishiri?"

Ya miƙo yatsa ya ja hotunan sama da kansa, yana wuce ƙananan, yana wuce masu darduma, har ya tsaya kan wani dogon gini mai fitilu kala-kala.

"Wannan. Irin wannan suke so."

Nuriyya ta buɗe. Masallaci dai babu shi a kusa, tafiyar rabin awa ce. Har za ta rufe sai idonta ya faɗa kan wani layi. Fuskarta ta saki.

"A'a, ashe suna da hankali. Sun ce akwai mota kyauta dare da rana, duk bayan minti ashirin."

Haka otal-otal ɗin Aziziyya suke yi. In otal ya yi nisa da Harami sai ya ajiye bas a ƙofa, ba dare ba rana, mai son jam'i ya hau. Baiwar Allah ta ɗauka duk duniya haka ne.

"To kama, kama," in ji Sabi'u.

"Bari in tambaya tukuna. Wani otal ɗin sai an idar da asuba motarsa ke tashi."

"Ba sai kin tambaya ba!"

Ta riga ta rubuta. Da Turancinta na aiki ta tambaye su ko motar tana isa masallaci kafin sallar asuba, don baƙinta dattawa ne masu ibada.

Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo, har da hoto.

Ta karanta sau ɗaya. Ta sake karantawa. Sabi'u da ba ya jin Turanci ya tsare fuskarta da ido.

"Me suka ce?"

"Sun ce a yi haƙuri, motarsu ba ta zuwa masallaci."

"To ba komai, sai su hau tasi."

"Sun ce gidan caca take zuwa. Nasu ne, reshensu na biyu. Wanda ba ya son fita kuma, akwai babba a ƙasan otal ɗin, lifta kawai zai shiga da silifas."

Ta buɗe hoton ta juya masa. Wani makeken ɗaki ne ba taga ko ɗaya, jan kafet, injuna jere suna walƙiya, tebura masu koren ƙyalle. Maza sun duƙa a kai, kowa da kofi a gefe. Wata mace na raba karta, rigar jikinta ɗankwalin 'yarsu Tahani ya fi ta yadi.

Nuriyya ta ɗago ta dube shi.

"Abu Tahani. Mene ne wannan?"

"Otal ne. Ai ba dole sai sun shiga wurin ba."

"Na nuna maka biyu masu darduma ka ƙi. Da yatsanka ka nemo wannan."

"Ke matsalarki fassara."

"Ba ni jawwal ɗinka."

"Me za ki yi da wayata?"

"In ga otal ɗin da Rakan ya kama tun farko. Wataƙila in na yi musu magana su gyara ranar."

Gaggawa ta rufe masa ido. Ya buɗe ya miƙa mata, yana cewa ga saƙonsu nan da ya shigo jiya, shi bai san me suka rubuta ba. Da ya sani da ya haɗiye wayar.

Ta karanta a hankali, tana fassara masa layi-layi, murya ba hawa ba sauka.

"Zuwa ga abokinmu mai daraja, Malam Sabi'u. Muna godiya da ayari na bakwai da ka turo mana. Kamar kullum, ɗakinka na kyauta yana nan duk ranar da ka so zuwa."

Ta ajiye wayar a kan kafet kamar ta ɗauko ta daga kwata.

"Ayari na bakwai."

"Talla ce kawai, kowa suke tura wa..."

"Uskut, rufe min baki! Ni za ka koya wa aikin otal? A kan gwiwar Baba na koye shi. Babu otal ɗin da ke ba mutum gado kyauta don kyan fuskarsa. Sai wanda ya kawo kawuna. A nan sai ka kawo alhaji ashirin a ba ka gado ɗaya. Kai kawuna huɗu-huɗu kake kaiwa ana ba ka ɗaki sukutum. Me suke bari a can da ya kai haka?"

Sabi'u ya zauna a hannun kujera. Ya cire shimagin ya ajiye a cinya.

"To tunda kin gani, kin gani."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Daga umara?"

"Suna yin umararsu cikakkiya. Ɗawafi, sa'ayi, aski, babu abin da suke bari. Bayan nan kuma lokacinsu ne."

"Askin ko tsirowa bai yi ba! Da ƙwalƙwal ɗin kan da aka aske a Marwa za su je su duƙa kan karta?"

Ta tashi ta buɗe taga, don ji ta yi falon yana wari. Hayaniyar masu tasi ta shigo. Ta tsaya tana shaƙar iskar titi, mai ƙurar da hayaƙin, ta fi mata daɗi.

Sai wani abu ya faɗo mata. Ta juyo.

"Tsaya. Matansu fa? Kullum suna samun hoto. Hajiya Ɗaso da kanta take turo min, ta ce in ga Alhaji a Harami yau, in gan shi jiya."

Hajiya Ɗaso matar Alhaji Rabi'u ce, a Kano. Ita ta fara kawo mijinta hannun Malam Abdulwasi'u shekaru da yawa, kuma duk zuwanta sai ta kawo wa Nuriyya kuka da daddawa da yajin da ta daka da hannunta.

Sabi'u ya sosa ƙeya.

"Rana ɗaya ake ɗauka duka."

"Kamar yaya?"

"A canza jallabiya, a canza wuri. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Sai in riƙa turawa ɗaya-ɗaya."

Nuriyya ta dafe kai. Jiya-jiyan nan ya kawo mata jallabiya goma sha biyu a leda, wai na baƙi ne, mai wanki ya cika. Ta tsaya a kan ƙafarta ta goge su tas, ta turara su da bakhur, tana cewa Allah ya sa ta samu ladan sallar da za a yi da su.

"Ni na goge musu kayan wasan kwaikwayon."

"Guga ce kawai, Nuri."

"Ka ce kana turawa. Da wace waya?"

Idonsa ne ya amsa, don ya kai shi kan durowar da ke ƙarƙashin talabijin.

Ta san abin da ke ciki. Ita take sa su caji. Ta taka ta jawo durowar, ga wayoyi nan huɗu a jere, kowace da sunan mai ita a 'yar takarda, da rubutun hannunta.

Tun shekara biyu da suka wuce ya fara kawo mata irin wannan ajiya. Ya ce wasu bayin Allah ne suke shiga i'itikafi a Harami kwana uku, ba sa son duniya ta dame su, sai su bar wayoyinsu. Ranar farko har ƙwalla ta yi. Ta ce ashe har yanzu akwai masu kuɗin da ke tsoron Allah haka. In matansu sun kira, ita take ɗauka.

"Alhaji yana Harami, Hajiya, ya shiga i'itikafi."

Sau nawa ta faɗi wannan? Ta faɗa wa ta Kaduna. Ta faɗa wa ta Maraɗi. Akwai wadda ta roƙe ta, ta ce tana kewar kiran sallar Makka, Nuriyya ta saka wayar mijin a jaka ta hau bas har Harami, ta ɗaga ta sama matar ta saurara tana kuka. A lokacin mijin yana can ƙasan otal da silifas.

Wallahi ni mai rubutun nan da ni ce, da durowar zan juye masa a ka.

"Ka sa na yi ƙarya a gaban Ɗakin Allah."

"Ba ki yi ƙarya ba tunda ba ki sani ba. Malamai ma sun faɗa."

"Kada ka sako malamai cikin ƙazantar nan. Haram alaik!"

"Ni direba ne, Nuriyya. Inda fasinja ya ce nan nake kai shi. In ban yi ba, akwai mutum goma a Jidda da za su yi kafin ki ƙifta ido."

"To me ya hana su zuwa wurin goman? Me ya sa sai kai?"

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, irin ta wanda ya gaji da ɓoyo.

"Kina son gaskiya?"

"Yau dai ɗaya, gwada."

"Ba don ni suke zuwa ba. Mota kowa yana da ita. Matansu ne ba sa yarda su yi tafiya ta hannun kowa sai ta hannun 'yar Malam Abdulwasi'u. In kika ce mutum yana Harami, babu matar da za ta sake tambaya. Shi suke biya."

Nuriyya ta ji kamar an watsa mata ruwan wanke-wanke a fuska. Ta dube shi sama da ƙasa, mutumin da ta shekara tara tana zuba wa abinci, ta rasa ta inda za ta fara ƙyamarsa. Mahaifinta ya mutu bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne in an ambaci sunansa a Kano ko Damagaram sai a ce, mutumin kirki, ba ya cin amana. Shi Sabi'u ya ɗauka ya kai kasuwa.

"Sunan Baba ka sayar."

"Ki yi faɗanki daga baya, na yarda, duk abin da kika ce na ɗauka. Amma dubi agogo. Sha biyu ta wuce. Mutum huɗu manya za su sauka a ƙasar da ba su jin yarenta. Danna kawai, ɗaki huɗu, kwana uku. Daga wannan na daina, wallahi."

"Su kwana a masallacin garin. Ƙofarsa a buɗe take."

"Nuri!"

"Yatsana ba zai taɓa shi ba. Khalas, magana ta ƙare."

Ya miƙe ya matso, ya sassauta murya.

"Ki yi tunani. In suka wulaƙanta a can, Alhaji Rabi'u ba zai yi shiru ba. Maganar za ta fita. In ta fita, sunan wa za a kira? Ni wa ya san ni? Cewa za a yi 'yar Malam ce ke riƙe wayoyin."

Kafin ta buɗe baki, ɗaya daga cikin wayoyin durowar ta ɗauki ruri. Ta Alhaji Rabi'u ce. A fuskarta an rubuta Maman Yara.

Suka tsaya suna kallonta har ta katse. Ta sake ɗauka. Ta sake katsewa.

Sai wayar Nuriyya ta fara.

"Hajiya Ɗaso ce," ta faɗa a hankali.

"Ɗauka. Ki faɗi abin da kika saba faɗa. Kalma uku ce, yana cikin Harami."

Ta danna, ta sa a lasifika don ya ji da kunnensa.

"Assalamu alaikum, Hajiya."

Abin da ya fara shigowa koke-koken mata ne daga nesa. Sannan muryar Hajiya Ɗaso, a dashe.

"Nuriyya, 'yata. Inna ta cika."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifiyar Alhaji?"

"Ɗazu da hantsi, a hannuna. Ƙarfe biyu za a kai ta. Na san ya shiga i'itikafi, na san ba a damunsa, amma wannan dole ce. Har ta rufe ido maganarta ɗaya, Alhamdu lillahi Rabi'u yana gaban Ka'aba. Ta ce a gaya masa ya yi mata ɗawafi kafin a sa ta a ƙasa, ba ta son komai bayan wannan."

Sabi'u ya dafa bango.

"Don girman Allah ki je ki nemo min shi. Ke kin san inda yake zama. Ki kai masa wayar in gaya masa da bakina, ya tashi ya yi mata tun ba a ɗauke ta ba. Kin ji, 'yata? Ke kaɗai gare ni a garin nan."

Sabi'u ya haɗa hannu biyu yana roƙonta ba sauti. Yana nuna ƙirjinsa, yana zana da'ira da yatsa, wai shi zai je ya yi ɗawafin, a ce Alhaji ne ya yi.

Nuriyya ta kalli yatsan nan yana zagayawa a iska. Ta kau da kai.

"Hajiya."

"Na'am."

"Alhaji ba ya Makka."

Sabi'u ya zube a kan kujera.

Ta cikin wayar ana jin Hajiya ta taka ta shiga wani ɗaki, ta rufe ƙofa, koke-koken suka yi nisa.

"Madina ya tafi?"

"A'a, Hajiya. Ba ya ƙasar ma. Yana cikin jirgi."

"Wayarsa fa?"

"Tana hannuna."

Da Hajiya Ɗaso ta sake magana, kukan ya bar muryarta gaba ɗaya.

"Bara da aka kwantar da ni za a yi min aiki, na kira wannan wayar sau tara ina neman ya yi min addu'a. Ke kika ɗauka. Kika ce in kwantar da hankalina, yana gaban Ka'aba yana roƙa min."

"Hajiya, wallahi ban..."

"Ban tambaye ki rantsuwa ba. Nuriyya 'yar Malam, ranar nan yana ina?"